Yadda Za Ka Bi Shari'ar Ɗaukaka Ƙara Ka Ji Daga Bakin Kotu

Ranar 17 ga Nuwamba, 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta zauna a Abuja ta karanta hukuncinta kan zaɓen gwamnan Kano. Waɗanda ke cikin ɗakin sun ji da kunnensu an kori ƙarar Abba Kabir Yusuf, an tabbatar da hukuncin kotun sauraren ƙararrakin zaɓe. Bayan 'yan kwanaki kwafin hukuncin mai hatimi ya fito, aka buɗe shafi na 67, sai ga wasu layuka suna faɗin akasin haka: an ba mai ɗaukaka ƙara gaskiya, an rushe hukuncin kotun ƙasa, har an yanka naira miliyan 1 da za a biya shi kuɗin ɗawainiyar shari'a. Babban magatakardan kotun, Umar Bangari, ya fito ya ce kuskuren rubutu ne, abin da aka karanta a zaure shi ne hukunci. Amma kafin ya buɗe baki gari ya riga ya ɗauka. Daga Kantin Kwari zuwa Wapa, daga Bata zuwa 'Yan Kura, kowa da hoton shafin a wayarsa, kowa da fassararsa, har matasa suka fito kan titi. Sai ranar 12 ga Janairu, 2024, da Kotun Ƙoli ta maido wa Abba ƙuri'u 165,663 da aka zaftare masa ta kuma tabbatar da zaɓensa, ƙurar ta lafa.

A duk tsawon wannan ruɗani babu wani faifai na kotun kanta da aka ajiye inda ɗan Fagge zai latsa wayarsa ya ji abin da alƙalai suka furta, balle ya ji hujjojin da lauyoyi suka kafa kafin hukunci. Wannan giɓi shi ya sa na ga ya dace a zauna a yi bayanin hanyoyin da mutum ke da su a yau, da yadda zai bi su ba tare da an yaudare shi ko ya jefa kansa cikin laifin raina kotu ba.

A fara da abin da doka ta ba ka. Sashe na 36(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce zaman kotu, har da karanta hukunci, a bainar jama'a ake yin sa. Ba sai kana da ƙara ba, ba sai kana da lauya ko ɗan'uwa a ciki ba. Akwai togaciya, kamar shari'ar da ta shafi yaron da bai kai shekara 18 ba, ko tsaron ƙasa, ko sirrin rayuwar masu shari'a, inda alƙali ke iya sallamar 'yan kallo. In ba wannan ba, ƙofa a buɗe take. Sai dai kotunanmu ba su ɗauki wannan sashe a matsayin izinin shigo da kyamara ba. Ranar 22 ga Mayu, 2023, Atiku Abubakar da Peter Obi sun sha kaye a buƙatar da suka gabatar ta a watsa shari'ar zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Alƙalai biyar ƙarƙashin Mai Shari'a Haruna Tsammani suka ce babu doka ko tsarin da ya tanadi haka. Abin da aka bari aka nuna a talabijin shi ne karatun hukunci kaɗai, ranar 6 ga Satumba, wanda ya ɗauki sama da awa 12, sai kuma na Kotun Ƙoli ranar 26 ga Oktoba. Ke nan jama'a sun ga ƙarshen magana, ba su ga yadda aka fafata ba. Saboda haka hanyoyinka uku ne: ƙafarka, wayarka, da takarda. Ta farko ita ce ta fi inganci, ta ƙarshe ita ce doka ta fi sani.

Kafin ka tare ɗan adaidaita sahu, san matakin da shari'ar take. A ce rigimar haya ce ko bashi tsakanin 'yan kasuwa biyu a Sabon Gari, aka yanke ta a kotun majistare ta Nomansland. Wanda bai gamsu ba Babbar Kotun Jiha zai nufa, mai zama a Sakatariyar Audu Bako da kuma Miller Road, inda galibi alƙalai biyu ke sauraren ɗaukaka ƙara. In kuwa a kotun shari'ar Musulunci aka fara, kamar ta Fagge 'Yan Alluna, sai a hau zuwa babbar kotun shari'a, daga nan hanya ta rabu biyu. Aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi suna tafiya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, inda aƙalla alƙalai uku ke zama, kamar yadda sashe na 277 da na 278 suka tsara. Abin da ya fita daga wannan da'ira Babbar Kotu ake kai shi. Dukkan hanyoyin biyu suna haɗuwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, wadda aka kafa a 1976. Da can Kaduna mutanen Kano ke zuwa, sai a 'yan shekarun nan aka buɗe reshen Kano. Daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja, inda alƙalai biyar ke zama, ko bakwai in maganar ta taɓa fassarar tsarin mulki.

Abu na biyu shi ne lambar ƙara. Sunan masu shari'a kaɗai ba ya isa, domin masu suna iri ɗaya suna da yawa, kuma mutum biyu na iya samun ƙara uku a tsakaninsu. Ƙararrakin reshen Kano suna farawa da CA/KN, tsofaffin da aka shigar a Kaduna kuma CA/K, na Kotun Ƙoli SC, a ƙarshe a saka shekarar da aka shigar. Rubuta lambar a takarda, ka kuma ɗauki hotonta a waya. Da ita za ka duba jadawalin shari'o'in da ake liƙawa a allon sanarwa na kotu, wanda ke nuna ranar zama, lamba, sunaye, da abin da aka sa ƙarar domin sa: sauraren roƙo ne, sauraren ainihin ƙara ne, ko hukunci. Wannan layi na ƙarshe shi ne mutane ba sa lura da shi. Sai mutum ya rufe shago tun safe yana tsammanin za a yi ta ta ƙare, ashe roƙon ƙarin lokaci ne kawai lauya zai gabatar, cikin minti uku an gama.

In ba ka ga lambar a allo ba, shiga ofishin rajistara. Yi sallama, ka miƙa takardarka, ka ce, “Yallaɓai, don Allah wannan ƙarar nake so a duba mini ranar da aka sa ta.” Tambayar rana ba ta da kuɗi. A harabar kowace kotu akwai masu tare baƙo su ce za su shigar da shi ko su haɗa shi da wani na ciki. Gode musu ka wuce. Ka kuma tuna manyan kotuna na tafiya dogon hutu tsakanin Yuli da Satumba, sai shari'o'in gaggawa kawai ake taɓawa. Sannan ba kowace ƙarar Kano ake saurare a Kano ba. Ta gwamna a 2023 a Abuja aka yi ta. Ranar jajibiri kira lauyan da ke cikin shari'ar, in kana da hanyarsa, ka tabbatar da wuri da lokaci.

Ranar zama

Ƙarfe tara ake sa rai a fara, don haka ka isa tun takwas da rabi, da shiga ta kamala da katin shaida a aljihu. Kujerun gaba na lauyoyi ne, na gaba-gaba kuma na manyan lauyoyi masu muƙamin SAN, waɗanda ake fara kiran ƙararrakinsu. Kai ka nemi kujera mafi kusa da bayan lauyoyi, domin wasu alƙalan muryarsu ƙasa-ƙasa take, ga ƙarar fanka ko janareta. Kashe ƙarar wayarka tun daga bakin ƙofa. Za ka ji an buga ƙofa, an ɗaga murya an sanar da shigowar kotu. Kowa ya miƙe, alƙalai su rusuna, a rusuna musu, a zauna. Duk lokacin da za ka fita ko ka shigo ana cikin zama, ka ɗan rusuna a bakin ƙofa.

Wanda ya saba da kotun ƙasa zai yi mamaki a nan. Babu akwatin shaida da ake amfani da shi, babu rantsuwa, babu mai kuka yana ba da labarin yadda aka cuce shi. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake shari'a daga tushe. Aikinta shi ne ta duba kundin abin da ya gudana a ƙasa ta ga ko alƙali ya yi kuskure wajen doka ko wajen auna shaida. Magatakarda zai kira lamba. Lauyan mai ɗaukaka ƙara ya miƙe ya faɗi sunansa da wanda yake wakilta, na ɗaya ɓangaren ma haka. Sai na farko ya ambaci takardar hujjojinsa, ranar da aka rubuta ta da ranar da aka shigar da ita, ya ce ya dogara da ita, ya roƙi kotu ta karɓi ƙarar. Wani lokaci ya ƙara 'yan mintuna yana jaddada batu ɗaya ko biyu. Na biyu ya yi nasa. Shugaban zaman ya ce an ajiye hukunci zuwa ranar da za a sanar. Shari'ar da ta ci shekara huɗu tana jiran layi sai ka ga an saurare ta kafin shayi ya huce.

Kada ka ce an yi maka sakiyar da ba ruwa. Ainihin fafatawar tana cikin takardun. Dokokin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2021 sun ba mai ɗaukaka ƙara kwana 45 bayan kundin shari'a ya iso ya shigar da hujjojinsa a rubuce, wanda ake ƙara kuma kwana 30 ya mayar da martani, kowace takarda ba ta wuce shafi 35 ba. In shari'ar taka ce, haƙƙinka ne lauyanka ya ba ka kwafin takardun ɓangarorin biyu tun kafin ranar zama. Ka ce masa, “Barista, a nuna mini batutuwan da muka ɗora ƙarar a kansu, a faɗa mini su da Hausa ɗaya bayan ɗaya.” Galibi ba sa wuce uku zuwa biyar, kuma suna nan a shafukan farko. Wanda ya riƙe waɗannan batutuwa a ka zai fahimci kowace kalma da aka furta a zauren. Wanda bai san su ba ko ya yi digiri zai fito bai tsinci komai ba.

Inda zan so ka kasa kunne sosai shi ne lokacin da alƙali ya katse lauya. Zai iya cewa a nuna masa shafin kundi inda aka tayar da wannan magana a kotun ƙasa, ko ya tambaya ko an nemi izinin kotu kafin a kawo wani batu, ko ya ce yana so a yi masa bayanin hurumin kotun da ta fara shari'ar. Za ka ga lauya yana ta buɗe kundi mai kauri, na bayansa suna miƙo masa 'yar takarda. Waɗannan tambayoyi su ne ke nuna inda zuciyar kotu ke kai-komo, kuma su ne ba sa fitowa a rubutaccen hukunci yadda aka yi su. Tambaya mai zafi ba ta nufin an kayar da wanda aka yi wa ita. Sau da yawa alƙali yana gwada ƙarfin hujjar da ya fara karkata gare ta ne. Amma maganar hurumi in ta taso, riƙe ta da kyau, domin ita kaɗai tana iya rushe aikin shekaru ba tare da an taɓa wanda ke da gaskiya a ainihin rigimar ba. Haka ta faru a shari'ar masarautar Kano ranar 10 ga Janairu, 2025, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumin shiga rigimar sarauta.

Sai batun harshe, wanda a wurinmu ya fi na kyamara girma. A kotunan shari'ar Musulunci na Kano da Hausa ake magana, amma a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya Turanci ne, kuma na lauyoyi. Kundin da aka rubuta da Hausa sai an fassara shi kafin alƙalai su duba. In ƙarar gadonku ce ta hau can, nemi a karanta maka fassarar bayanin da ka yi a ƙasa ka ji ko shi ne, domin abin da ke cikin kundin shi kotu za ta ɗauka a matsayin maganarka. Tafinta kyauta da sashe na 36(6) ya tanada na wanda ake tuhuma da laifi ne, ba na ɗan kallo ba. Don haka in Turancinka bai kai ba, tafi da wanda ka amince da shi, ɗalibin lauya ko malamin makaranta, ya riƙa rubutawa, ku fita waje ya warware maka. Rubutu da biro babu mai hana ka. Ɗaukar murya ko hoto a ɓoye kuwa kada ka kusanta. Ana iya karɓe wayar, ana iya tsare ka nan take da laifin raina kotu.

Ta waya da talabijin

Annobar korona ce ta buɗe wannan ƙofa. A Afrilun 2020 Babbar Kotun Jihar Borno ta yi zama ta intanet, wasu jihohi suka bi, har ranar 14 ga Yuli, 2020, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa zama ta wannan hanya bai saɓa wa tsarin mulki ba. Dokokin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2021 ma sun yi masa tanadi. Mu a Kano mun ga irinsa ranar 20 ga Satumba, 2023, da alƙalan kotun zaɓen gwamna suka karanta hukunci ta Zoom, lauyoyi da 'yan jarida na zaune a zaure suna kallon allo, daga bisani 'yan sanda suka sa dokar hana fita ta awa 24. Sai dai zama ta Zoom daban, watsa wa duniya daban. Mahaɗin shiga yawanci lauyoyi ake ba. In ka ji za a saurari ƙarar da ta dame ka ta wannan hanya, rubuta wa magatakarda gajeriyar takarda da lambar ƙarar, ka nemi a ba ka mahaɗin ko a faɗa maka ɗakin da za a sa allo. In an ba ka, shiga da sunanka na gaskiya, ka rufe makirufo, kuma dokar hana naɗa tana nan kamar kana cikin zaure.

Ranar babban hukunci da aka yarda a watsa, nemi tashar da ke ɗauko hoton daga cikin zauren, irin su NTA ko Channels, a akwatin talabijin ko a shafinsu na YouTube. Karatun na iya cinye yini, don haka rage ingancin hoton a waya ka yi tsimin data. Murya kake buƙata. Kada ka yi murna ko baƙin ciki da abin da ka ji a tsakiya. Alƙali yakan fara da jero hujjojin kowane ɓangare da bakinsa, wanda ya shigo a lokacin sai ya ɗauka matsayar kotu ce, ya yanko minti ɗaya ya tura WhatsApp. Yawancin faifan da ke tayar da hankali a kasuwa daga nan suke fitowa. In an turo maka irinsa, tambayi abu uku: wace rana ce, wace lambar ƙara ce, kuma wa ke magana. In lauya ne tsaye a bakin ƙofar kotu kewaye da makirufo, ka san ɓangare ɗaya kake ji, kuma da wuya ka ga lauyan da ya fito ya ce an yi masa kaca-kaca. Rahoton wakilan kotu na gidajen rediyonmu, irin wanda ake ji a Inda Ranka na Freedom, yana da amfani don sanin an zauna ko an ɗage, amma minti biyu ba za su ɗauki hukunci mai shafi saba'in ba.

Takarda mai hatimi

Sashe na 294(1) ya wajabta wa kotu ta yanke hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan kammala sauraro, ta kuma ba masu shari'a ingantaccen kwafi cikin kwana 7. A shari'ar zaɓe wa'adin ya fi tsauri: kwana 180 a kotun farko, kwana 60 a kowane matakin ɗaukaka ƙara. Wanda ba ya cikin shari'a ma yana iya neman kwafi, domin hukunci takardar hukuma ce, kuma sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya tsara yadda ake ba da kwafi mai shaidar inganci, wanda lauyoyi ke kira CTC. Rubuta takardar nema zuwa ga magatakarda, ka sa lambar ƙara, sunayen ɓangarori da ranar hukunci. Za a ƙiyasta maka kuɗi gwargwadon yawan shafuka, ka biya ta hanyar da ofishin ya nuna, ka karɓi rasit. Kwafi na gaskiya yana ɗauke da hatimi, kwanan wata, sa hannu, da suna da muƙamin jami'in da ya tabbatar da shi. Ɗan Kwari ba ya biyan kuɗin dila sai ya kwance ya ga yadin. Kai ma kada ka bar tagar sai ka ƙirga shafukan ka ga babu wanda ya ɓace.

Karatunsa daga ƙarshe ake farawa. Shafi biyu na ƙarshe na jagoran hukunci su ne ke ɗauke da umarnin kotu: an karɓi ƙara ko an kore ta, an rushe hukuncin ƙasa gaba ɗaya ko wani sashe, an mayar da shari'a a sake ta gaban wani alƙali, nawa za a biya. Lura da bambanci tsakanin ƙarar da aka kora bayan an auna hujjojinta da wadda aka cire saboda kuskuren shigarwa, domin ta biyu sau da yawa ana iya gyarawa a dawo da ita. Daga nan duba abin da sauran alƙalan suka rubuta, tun da kowannensu dole ya bayyana ra'ayinsa. Rinjaye ake bi, amma ra'ayin wanda ya saɓa yakan zama tsanin da za a taka zuwa Kotun Ƙoli. Sannan ka koma farko ka bi batutuwan ɗaya-ɗaya ka ga ko ƙarshen ya dace da jikin hukuncin. In ka ga saɓani irin na shafi na 67, kai wa lauya nan da nan, domin kotu na da ikon gyara kuskuren alƙalami in an nema. Kuma lokaci ba ya jira: a shari'ar da ba ta laifi ba wata uku ne wa'adin ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ko Kotun Ƙoli kan hukuncin ƙarshe, kwana 14 kan na ƙwarya-ƙwarya. Mai shago ya kuma sani shigar da ɗaukaka ƙara kaɗai ba ya dakatar da zartar da hukunci; sai an nemi umarnin dakatarwa daban, in ba haka ba ma'aikatan kotu na iya zuwa su fitar da kaya alhali ƙara na gaba. Tsofaffin hukunce-hukunce kuwa ana samun da yawa kyauta a shafin NigeriaLII, ko kuma a saya a kundin NWLR da Gani Fawehinmi ya kafa a 1985.

Mai son ya horar da kunnensa yana iya yi daga ɗakinsa a Fagge, domin wasu ƙasashe sun daɗe da buɗe wannan ƙofa. Kotun Ƙolin Amurka tana naɗar muryar zamanta tun 1955, ta fara watsa ta kai tsaye a Mayun 2020, kuma har yau ba ta yarda da kyamara ba. Ta Birtaniya, wadda aka buɗe a 2009, tana nuna zamanta da hoto a shafinta, ta kuma ajiye na baya. Ta Indiya ta fara nuna manyan shari'o'in tsarin mulki ranar 27 ga Satumba, 2022. Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne Ghana, inda a 2013 aka watsa shari'ar zaɓen shugaban ƙasa wata da watanni a rediyo da talabijin, aka yanke ranar 29 ga Agusta, mai ƙara Nana Akufo-Addo ya karɓi kaye, ƙasa ta zauna lafiya. Kenya ma a idon duniya aka yi muhawarar da ta kai ga soke zaɓe ranar 1 ga Satumba, 2017, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai David Maraga.

Masu adawa da watsawa suna da hujjar da ba za a raina ba. Suna tsoron lauyoyi su koma yi wa kyamara wasa, ana yanka maganar alƙali ana zaginsa, shaidu su tsorata. A kotun farko na yarda da su. A ɗaukaka ƙara kuwa babu shaidar da za a tsorata, lokacin lauya ƙayyadadde ne, kuma yankan magana ana yin sa yanzu ma, sai dai babu cikakken faifan da za a ƙaryata mai yankan da shi. A ganina ba sai an fara da kyamara ba. A naɗi murya, a ɗora ta a shafin kotu da lambar ƙara kafin mako ya fita, a ware shari'o'in aure, riƙon yara da fyaɗe, sannan a bai wa gidajen rediyo damar fassara ta zuwa Hausa da sauran harsunan da ake ji a Sabon Gari.

Tun da kotun Tsammani ta ce rashin tsari ne ya hana, to masu yin tsarin ake nema. Sashe na 248 ya ba Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ikon yin dokokin gudanar da kotunsa, sashe na 236 ya ba Alƙalin Alƙalan Najeriya irin wannan iko a Kotun Ƙoli, a jiha kuma Babban Joji da shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kowa na da nasa. Ƙungiyar 'yan kasuwar Kwari ko ta kasuwar Abubakar Rimi, waɗanda shari'ar shago da fili ba ta ƙarewa a tsakanin mambobinsu, na iya rubuta takarda ɗaya tare da reshen Kano na ƙungiyar lauyoyi da ta 'yan jarida, su nemi a fara gwaji a reshen Kano. Suna kuma iya tambaya a rubuce, ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ko kotun na naɗar zamanta, a ina ake ajiye faifan, kuma da wane sharaɗi mai ƙara zai samu kwafi. A kai takardar hannu da hannu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za a dawo da shi, domin daga wannan rana ake fara ƙirga kwana bakwai ɗin.